Yaron Shago Mai Furfura

Na shiga aikin shago ne a shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifina. Shi mutumin Maraɗi ne, ya zo Abidjan tun yana saurayi, ya yi ta sayar da goro da turare a bakin kasuwar Treichville har ƙarfinsa ya ƙare. Ni a nan aka haife ni, a wani gidan haya mai tsakar gida ɗaya da ƙofofi barkatai, irin wanda muke ce wa kur. Ina dab da gama makarantar sakandare ya kwanta. Ni ne babba, na bayana duk mata ne. Ba wanda ya ce in bar karatu, amma kuma ba wanda ya ce in ci gaba. Ana cikin haka sai aka ji wani Alhaji Bakano, mai shigo da takalma daga waje, yana neman wanda ya iya Faransanci ya tsaya masa a shagonsa na kasuwar Adjamé. Aka kai ni.

Shagon siriri ne, can wajen Bracodi, tsakanin mai sayar da bokitan roba da wata ’yar ƙabilar Jula mai kayan jarirai. Kwalaye tun daga ƙasa har rufi, da tsani, da benci ɗaya na masu saye, da wani madubi da aka jingine a ƙasa don mutum ya ga ƙafarsa. Mai shinkafa a tsaye yake ciniki, mai atamfa a zaune. Mai takalmi kuwa dole ya sauka ƙasa. Ka durƙusa, ka kwance igiya, ka danna yatsa a bakin takalmin ka ji inda babban yatsa ya tsaya. Ban taɓa ƙin wannan aikin ba, har yau. Ina son ƙamshin sabuwar fata idan aka buɗe kwali. Ina son in ga tsohon da ya shigo yana ɗingishi ya fita yana taka ƙasa sosai. Abin da ya ci mini rai shi ne yadda mutane suke kallon wanda ya durƙusa a gabansu.

Masu Faransanci “petit” suke ce mini, wato ƙaramin yaro. Wasu ko wannan ba sa faɗa, sai dai su kaɗa yatsa ko su yi “sss” kamar mai kiran kyanwa. Namu kuwa, Hausawa, “yaron Alhaji”. Da fari ban damu ba, don da gaske yaro nake. Sai gemu ya fito, aka ci gaba. Na ga mutumin da muke sallah sahu ɗaya da shi da asuba, kafaɗa da kafaɗa, da hantsi ya shigo shago ya miƙo mini ƙafa yana kallon titi, ko sallama babu.

Ina da aboki ɗaya da muka tashi a kur ɗin nan tare. Ƙofarsu na kallon tamu. Mahaifinsa direban babbar mota ne, mutumin Damagaram, ya rasu tun muna ƙanana, mahaifiyarsa ce ta riƙe shi da sayar da fura. Inna muke ce mata, ni da shi duka. Benci ɗaya muka zauna a makaranta, kwano ɗaya muke cin garba a bakin hanya, wato aceke, dambun garin rogo, da soyayyen kifi da barkono, muna rigima a kan wa ya ja kifin gefensa. Shi Allah ya ba shi ya ƙarasa karatu, ya samu aiki a wani banki a Plateau, unguwar manyan ofisoshi ta Abidjan. Na yi murna kamar ni aka ɗauka. Takalmin da ya fara zuwa aiki da shi ni na zaɓa masa.

A shekarun farko tare muke fita da safe. In raka shi tashar jirgin ruwa ta Treichville, ya shiga jirgi ya tsallaka zuwa Plateau da taye a wuya, ni kuma in nemi bas in zagaya ta gada, mu bi ta Indénié zuwa Adjamé. In an yi ruwan sama mahaɗar Indénié ta cika, sai in naɗe wando in ƙarasa a ƙasa. Da yamma mu haɗu a ƙofar Inna, ya ba ni labarin ofis, in ba shi na kasuwa, mu yi ta dariya.

Da ciwon mahaifina ya tsananta ya ce shi a gida yake so ya cika. Na roƙi Alhaji izini, na kai mahaifina Maraɗi, na zauna da shi har Allah ya karɓi abinsa. Na yi watanni a can. A cikin watannin nan abokina ya yi aure, ya bar kur ya kama gidan bene, a nan cikin Treichville ɗin dai. Na ji cewa matar ɗiyar wani babban ɗan kasuwa ce, haifaffiyar Abidjan, ta yi karatu mai zurfi. Ban san fuskarta ba.

Ban daɗe da dawowa ba, wata ranar Asabar, mata biyu suka shigo shago. Leshi, gwal, turare mai tsada. Faransanci suke yi. Ɗayar, doguwa, ta nuna sama da makullin mota.

“Petit, sauko da wancan.”

Na hau tsani na sauko da shi. Ta ce ba shi ba, na kusa da shi. Na koma. Ta ce a kawo baƙi. Da na kawo baƙi ta ce ashe jan ya fi. Haka muka yi ta yi har kwalaye suka taru a gaban benci, zufa ta jiƙa mini riga. Wannan duk aiki ne, ban ji komai ba. Sai da na durƙusa zan sa wa ƙawarta takalmi, doguwar ta juya harshe zuwa Hausa.

“Ke, karɓi ki sa da kanki. Kar ki bari ya taɓa ki. Allah kaɗai ya san ƙafa nawa ya shafa yau da hannun nan.”

Na ɗago kai. Na ce, da Hausa, “Hajiya, yanzu na yi alwala.”

Ba ta ji kunya ba ko kaɗan. Ba wai ta ɗauka ba na jin Hausa ba ne, ta san shagon Bahaushe ta shigo. Ita dai a wurinta ko na ji ko ban ji ba duk ɗaya ne. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da Faransanci ba da ni ake magana ba. Suka tashi suka fita ba su sayi komai ba. Na kwashe kwalayen na mayar.

Bayan ’yan kwanaki abokina ya aiko in zo in ci abinci, in ga amarya. Na sa babbar rigata ta Juma’a, na sayi turare mai kyau na riƙe mata. Na hau benen, ya tare ni da runguma, ya yi mini ta’aziyya har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya leƙa ciki ya kira ta.

Ita ce. Doguwar nan.

Ta gane ni, na ga lokacin da ta gane ni. Ta tsaya da faranti a hannu. Abokina bai lura ba, ya dafa kafaɗata ya ce mata da Faransanci, “Ga ɗan’uwana da nake ba ki labari. Yana harkar shigo da kaya daga waje.”

Ban san ya zan kwatanta abin da na ji ba. Maganar matar ta yi mini zafi a shago, amma ita baƙuwa ce. Wannan kuwa mutumin da ya san komai nawa ne, ya san ranar da na ajiye littafi, ya san dalili. Kuma ga shi yana yi mini kwaskwarima kafin ya nuna ni, kamar yadda muke goge takalmin da ya daɗe a kwali.

Na ce, “A’a, ni ba na shigo da komai. Takalma nake sayarwa a shagon wani a Adjamé. Madam ta san wurin.”

Ta ajiye farantin, ta ce sannu da zuwa ba tare da ta dube ni ba, ta koma ciki. Ba ta sake fitowa ba. Muka ci abincin mu biyu, cokali na ƙara a faranti, yana ta jawo hirar ƙwallo. Da ya rako ni ƙasa ya tsaya a bakin matakala.

“Kai ma dai. Me ya sa ka yi haka?”

“Me na yi?”

“Na ce kana shigo da kaya, sai ka yi shiru. Wa zai bincika? Ai don in ɗaga ka na faɗa.”

“Ka ɗaga ni daga ina?”

“Ka san mutanen nan. Gidansu ba irin namu ba ne. In ta je ta ce babban abokin mijinta yaron shago ne…”

Bai ƙarasa ba. Na ce masa mahaifinta ma da shago ya yi arziki, duk Treichville an sani. Ya ce ai wannan mai shago ne, akwai bambanci. Na so in ba shi labarin ranar Asabar, sai na ga ba amfani. Na yi masa sai da safe.

Ba mu ɓata ba, amma zuwana gidansa ya tsaya. Mukan haɗu wurin Inna. Da matarsa ta haihu, ɗa namiji, Inna ta kafe sai a ƙofarta za a yi suna, a cikin kur inda aka haifi uban. Tun da sassafe ina can. Ni da samarin gidan muka kafa rumfa, muka shimfiɗa tabarmi, ni na riƙe ragon aka yanka. A raina sunan ɗana ne.

Da hantsi baƙi suka fara zuwa. Mutanen banki aka jera musu kujeru a inuwa. Dangin matar, manyan alhazai masu manyan riguna, aka kai su kan darduma kusa da liman. Kowa ya zo bakin tabarma sai ya tuɓe takalmi, har suka yi tsibi. Na je na wanke hannu, na canza riga, na dawo zan shiga in zauna a yi addu’a da ni.

A bakin tabarmar na ci karo da wani dattijo, ƙanen mahaifin matar. Na san shi, yakan zo wurin Alhajinmu. Na kuma san, kamar yadda kowa a kasuwa ya sani, cewa shi ma da ɗaukar kaya a shagon wani ya fara. Na rusuna na gaishe shi. Ya dube ni, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Af, ga yaron Alhaji! Madalla. To an samu mai tsaron takalma. Ka kula mana da su, ka san Treichville da ɓarayi.”

Aka fashe da dariya. Na juya ina neman idon abokina. Yana tsaye kusa da liman cikin farar shadda, ya ji komai. Kalma ɗaya ta ishe ni. Da ma ya ce, Baba, wannan ɗan’uwana ne, shigo ka zauna. Abin da ya yi shi ne dariya, irin ta wanda yake son surukai su ga yana tare da su, ya ce, “Ai fanninsa ne, Baba.”

Wani baƙo da ya iso a lokacin, bai san wasa ake ba ko gaske, ya tuɓe takalminsa ya miƙo mini a hannu.

Ban karɓa ba. Na bar shi da hannu a miƙe, na ratsa ta cikin mata da tukwane, na fita. Ban ji sunan da aka raɗa wa yaron ba, sai daga baya a bakin mutane. Na yi ta tafiya har bakin ruwa, na zauna kusa da tashar jirgi ina kallon masu shiga da fita. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba ni da abin da zan kai ƙara a kai. Ba a zage ni ba, ba a doke ni ba. In na faɗa wa wani sai ya ce wasa ne, kuma ai gaskiya ne takalma nake sayarwa.

Washegari na ba Alhajinmu labari muna buɗe shago. Ya yi dariya har yana riƙe ciki, ya ce, “Dattijon nan? Shi da na sani yana kwana a kan buhu? Rabu da su. Ka yi haƙuri, ranar da ka buɗe naka su ne za su fara gaishe ka.” Sannan ya ce in hau in sauko da kwalayen da ke sama, ƙura ta yi musu yawa. Shi a ganinsa ya lallashe ni. Ni kuwa abin da na ji shi ne, sai na daina zama abin da nake kafin in cancanci gaisuwa.

Da azahar sai ga Inna. Ban taɓa ganinta a Adjamé ba. Ta sha bas, ta sha turmutsutsun kasuwa, tana haki, da ƙullin naman suna a leda. Na zaunar da ita a benci, na sayo mata ruwan sanyi.

“Ɗana, ka tafi ba ka ci komai ba.”

“Na ƙoshi, Inna.”

“Na ji abin da aka yi. Na yi masa faɗa, wallahi na yi masa. Ka yi haƙuri don ni. Nono ɗaya ne kawai ba ku sha ba.”

Na ce ya wuce. Ta kalli kwalaye, da tsani, da madubin ƙasa. Ta girgiza kai.

“Kai ma da ka samu ka ƙarasa karatun nan, da yanzu ba haka ba. Kai da ka fi shi kai. Allah dai ya fitar da kai daga nan.”

Na ce amin, don ba a ƙin amsa addu’ar uwa. Amma da na raka ta ta hau bas, sai na dawo na zauna ina kallon shagon. Daga shagon nan aka yi jinyar mahaifina. Daga nan aka aurar da ƙannena ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta shiga ɗaki da kunya. Kuma ko Inna, da ta ƙetare gari don ta share mini hawaye, kallon rami take yi wa wurin.

Shekaru suka tafi. Na yi aure, na haifi ’ya’ya, na kama ɗaki biyu a wani kur ɗin. Ban buɗe nawa shagon ba. Duk lokacin da na fara tattali sai wata hidima ta taso, ko ƙasar ta rikice ciniki ya tsaya. Alhaji ya tsufa, ya bar mini makulli da komai, ni nake buɗewa ni nake rufewa. Furfura ta fito mini a gemu. Yaran da aka haifa ina cikin shagon suka girma, suka riƙa shigowa da wayar hannu a kunne suna kaɗa mini yatsa. Ni da abokina sai gaisuwar Sallah. Ya samu ƙarin girma, ya bar Treichville gaba ɗaya.

A rikicin da ya biyo bayan zaɓe mun rufe shago tsawon lokaci, kowa ya lafe a gida. Ƙura ta lafa ke nan, muna ƙoƙarin sake buɗewa, Inna ta rasu. Ni na fara isa, don ni ne kusa. Tare da abokina muka ɗauki makara, tare muka sa ta a kabari. A wurin zaman makoki ya matso kusa da ni a tabarma, ya yi mini Hausa tsantsa, irin wadda rabon da in ji a bakinsa tun muna samari. Ya yi kuka, na yi. Na ce a raina ko mutuwar nan za ta mayar mana da abin da ya ɓace.

Ranar addu’ar bakwai ya ja ni gefe.

“Inna ta bar mini wasiyya a kanka. Kuma ni ma abin yana damuna. Na yi magana a wurin aiki, akwai gurbin planto. Na ce a ajiye maka.”

Planto shi ne ɗan aike na ofis. Ya zauna a benci a bakin ƙofa, a kira shi ya kai takarda hawa na sama, ya sayo wa manya kofi.

Na ce, “In bar shagon da nake riƙe da makullinsa, in je in riƙa sayo maka kofi?”

“Ba ni kaɗai ba. Kai, ka duba mana. Za ka sa riga mai kyau, akwai sanyi, ba ƙura. In an tambayi ’ya’yanka sai su ce babansu a banki yake aiki. Har yaushe za ka yi ta durƙusa wa mutane da furfurarka?”

Fuskarsa cike da alheri yake faɗar haka. Da gaske yake, taimako yake nufi. Na ce na gode, Allah ya ji ƙan Inna, amma ina nan inda nake. Ya buɗe hannu ya ce shi dai ya fita haƙƙina.

Da na koma gida na ba matata labari, ina jiran ta taya ni jin haushi. Tana tsince shinkafa a tire, ta tsaya cak.

“Ka ce masa me?”

“Na ce ba na so.”

“Malam, banki fa! Ko shara ce ai banki banki ne. Ka san abin da nake ji a bakin matan gidan nan? In ana hirar aikin maza sai in tashi in shiga ɗaki.”

Na ce mata albashin planto bai kai abin da nake samu ba. Ta ce ita ba wannan take magana ba. Babbar ’yata, da ke sakandare a lokacin, tana zaune a bakin ƙofa da littafi. Ba ta ɗago kai ba, ta ce da Faransanci, a hankali, “Baba, da ka karɓa.”

Na dube su su biyu. Na buɗe baki zan yi bayani, sai na ga bayanin da na yi ta yi wa mutanen waje ne shekara da shekaru, ba wanda ya taɓa ji. Na ɗauki buta na fita alwalar magariba. Matata ta yi kwanaki ba ta sake mini fuska ba, kuma har muka bar gidan nan, in muka samu saɓani a kan wani abu daban, sai ta jawo zancen bankin. Gurbin kuwa na ji an ba wani ɗan’uwan matar abokina.